Ranar da Uwar Iliyasu Ta Shigo Ɗakin Sauraro

Masu karatu, kafin ku yanke mini hukunci ku bari in gaya muku yadda aka yi. Na san wasunku za su ce Rahamatu ce ta jawo wa kanta. Ban musa ba. Amma ku ji tukuna.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce 'yar Alhaji Ummaru mai awon gyaɗa a Matameye, wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, wadda mutanen garin nan suke kira Garmaho a bayan idonta, wai in aka murɗa ni ba na tsayawa sai faifan ya ƙare. A wannan shekara ta 1957 ina aiki a likitar garinmu, wato asibiti, kuma wata huɗu ke nan doktanmu, Lokotoro Alasan, yana koya mana, ni da abokiyar aikina Batulu, wani irin magani da ya zo da shi daga karatunsa na Dakar. Ba allura, ba kinin. Zama ne kawai da mutum a ɗaki, ka saurare shi har ya ji abin da ke cikinsa da kunnensa. Ba ka ba shi shawara, ba ka gyara masa zance, ba ka ce masa ya yi haƙuri.

Wannan na ƙarshen shi ya sa na rungumi abin hannu biyu. Garin nan "yi haƙuri" ya gama da mu. Mace ta binne 'ya'ya uku, a ce yi haƙuri. Mutum ya dawo daga soja ba ya iya barci, a ce yi haƙuri. Ana raba shi kamar goron suna, kowa ya karɓa ya koma gida ya ci gaba da ramewa. Sannan su zo likita suna cewa ciki, suna cewa kai, a duba a ga babu komai, a ba su farar ƙwaya, mako mai zuwa su dawo. Kuma babu wanda abin ya dama.

Kada wani ya ce mini maganin ba ya aiki. Da farko Lokotoro tambayar mutane yake yi ko sun ji dama, sai ya tuna Bahaushe ko ana ɗinka masa likkafani "da sauƙi" zai ce. Sai ya bar tambaya. Yanzu a sikeli yake ɗora su, ya tambayi mutanen gida ko suna cin tuwo, ya duba littafinsa ko sun daina dawowa neman ƙwaya. Sule mahauci, da ya shekara yana kawo ciwon ciki duk Talata, zama biyar ya yi, ya amayar da maganar ƙanensa da ba sa ga maciji, yanzu je ka kasuwa ka ga kumatu.

Matsalar ɗaya ce, kuma ni ce.

Yadda Lokotoro yake jarraba mu shi ne ya zauna a bayan labule da gwangwanin madara da gyaɗa a hannu. Duk lokacin da ka ba mara lafiya shawara ko ka musa masa, sai ya saki ƙwaya ɗaya a gwangwani, ƙwal. In ta kai uku, ka faɗi. Batulu, wadda ko a gidan biki ba a jin muryarta, tashi ɗaya ta ci. Ni a karon farko na tara goma sha ɗaya. A na biyu na tara bakwai, don sai da na koya wa wata mata yadda za ta ɗaga rumbunta daga ƙasa saboda gara. Lokotoro ya ce sau uku ake yi, ba a yin na huɗu.

Ranar ta ukun na tashi na goge farar rigata da dutsen guga har sai da wuyanta ya tsaya, na ɗaura zanen atamfa mai ruwan ganye a ƙasa, na yi ɗaurin kallabi ƙarami, irin na masu nutsuwa. Har 'yan kunnena masu lilo na cire, don Batulu ta ce in na fara kaɗa kai su ne suke fara yin magana. Na tarar da Baba a zaure kan buzu, kwanon koko a gabansa.

"Yau ce ta ukun?"

"Yau ce, Baba."

"To, alkawarinmu yana nan. In kin ci, ki ci gaba da aikinki, ba ni da ta cewa. In kin faɗi, ki ninke farar rigar nan ki zauna gida har yaron gidan waya ya kawo kaya. Ba zan riƙa jin ana cewa 'yata ta yi lakwal shekara da shekaru don ta wanke ƙyallen miki ba."

Inna ta leƙo da muciya a hannu.

"Wai jarrabawar yin shiru. Alhaji, ka sa a share mata ɗaki tun yanzu. Wannan da tun tana ciki nake jin motsin bakinta."

"Inna, ba yin shiru ba ne, sauraro ne. Akwai bambanci, domin shi sauraro..."

"Ka ji ko," in ji Inna, ta koma madafa.

Yaron gidan wayar shi ne Iliyasu, mai buga waya. Shi na zaɓa, kuma Baba ya amince, don haka kada ku ɗauka kuka nake yi da aure. Aikin ne ba na son a ƙwace mini. A ƙofar likita na same shi kan kekensa, da wandon kaki da hula kube da ta ɗan karkata, ya kawo wasiƙun ofis. Ya zaro tawa daga ƙarƙashinsu ya miƙo, ya wuce. Mutumin nan ko wasiƙar soyayya a takardar waya yake rubuta ta, kuma a taƙaice, kamar za a ci shi tara in ya ƙara kalma:

"RAHAMATU. KUNNE BIYU BAKI ƊAYA. ALLAH BA DA SA'A. IYA BA LAFIYA A DUNGU TUN DA KAWU YA KAI MATA MAGANARMU. BA TA CIN ABINCI. ZAN JE LAHADI. NAKI ILIYASU."

Ban taɓa ganin uwarsa ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da aka yaye shi Kawunsa Haruna ya ɗauko shi ya riƙe a nan Matameye. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce a raina wannan sai bayan jarrabawa.

Ɗakin sauraro tsohon ɗakin ajiyar magani ne, har yanzu yana warin aidin. Kujeru biyu na katako, tabarma ɗaya, randa a kusurwa, sai labulen da Lokotoro ke fakewa a bayansa. Da hantsi ya shigo da wata dattijuwa siririya, cikin baƙin zanen saƙi da mayafinsa, haƙoranta ja da goro, ta rungume ƙwaryar fura da aka rufe da faifai.

"Iya, na duba ƙirjinki ban ga ciwo ba," in ji Lokotoro. "Wannan 'yar tamu za ta zauna da ke ku yi magana. Ni ina bayan labulen nan ina ji. Kin yarda?"

"Zauna mana. Ai kai ma ɗa ne."

Ta dubi kujera, ta raina ta, ta zauna a tabarma. Ni ma na sauka.

"Iya, me ya kawo ki?"

"Ƙirjin nan. Kamar an ɗora mini dutsen niƙa."

"Kamar an ɗora miki dutsen niƙa," na maimaita a hankali, yadda aka koya mana.

"Haka na ce. Kurma ce ke?"

Na haɗiye amsa uku a jere. Na yi shiru. Shiru ya yi tsawo har na fara jin kukan jakin da ya kawo ta a waje. Lokotoro yakan ce shiru kamar rijiya yake, in ka bar guga ya nutse zai fito da ruwa. Ni dai a lokacin ji nake kamar ni ce a cikin rijiyar.

Can ta gyara mayafi ta ce, "Daga Dungu nake. Shekara sunana. Maganar wancan ce."

"Wancan?"

"Wancan dai. Na gidan waya."

Masu karatu, uwar Iliyasu ce zaune a gabana. A nan ya kamata in ce, Iya, tsaya, ga ko ni wace ce. Na san haka yanzu. Amma a lokacin abin da na gani kawai shi ne farar rigata a ninke a ƙasan adakar Inna. Na ce a raina, Rahamatu, in kika yi magana an ɗage jarrabawa, kuma ba a yin ta huɗu. Sai na gyara zama.

"Wai aure zai yi," in ji Iya Shekara. "An ce 'yar lakwal ce. An ce tafiyarta kamar ta soja. An ce har suna aka sa mata na akwatin nan mai waƙa. An ce ta tare kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar nan, a tsakiyar hanya ta wanke shi tas a kan rijiyar kasuwa."

"Wataƙila dai ba kumandan ba ne, akawunsa ne, kuma ba faɗa..."

Ƙwal.

Iya ta waiga. "Mene ne wancan?"

"Gyaɗa ce, Iya."

"Allah sarki, bai karya ba." Ta juyo. "An kuma ce ba ta iya tuwo ba. An ce in ta tuƙa, sai an sa wuƙa."

Wannan ƙazafi ne. Gudaji yake yi, ban ce ba ya yi ba, amma wuƙa?

"Iya, ai bai kamata ki riƙa ɗaukar duk abin da..."

Ƙwal.

Saura ɗaya. Na kama bakin kallabina na cusa tsakanin haƙora. Na dube ta da kyau a karon farko, ba don in shirya amsa ba. Wuyanta ya zurma. Hannunta yana kan faifan ƙwaryar yana shafa shi, yana shafa shi, kuma furar a cike take, ba a taɓa ba. Na saki kallabin.

"Kamar yarinyar nan tana ba ki tsoro."

"Tsoro? Ni Shekara?" Ta ja tsaki. "Ba ita ba ce."

Na jira. Ba ta ƙara ba. Sai na tuna wata dabara da Lokotoro ya sa muka yi ta gwadawa da Batulu. Na jawo kujera ɗaya na ajiye gabanta.

"Iya, a ce wancan yana zaune a nan. Me za ki ce masa?"

Ta ja da baya. "A'uzubillahi. Bori kuke yi a gidan nan?"

"Babu kowa a kanta, Iya."

"To ai shi ne abin tsoron."

"Ba kiran kowa za mu yi ba. Katako ne. Abin da ba ya faɗuwa a gaban mutum, wani lokaci yana faɗuwa a gaban katako."

Ta daɗe tana harararta. Sannan ta yi abin da babu shi a karatun Dakar. Ta juya wa kujerar baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fuskanci bango. Kunyar ɗan fari. Ko kujerar da aka ce tasa ce ba za ta iya kallo ba.

Bangon ta yi wa magana, da murya ƙasa-ƙasa.

"Kai wancan. Kana da shekara biyu aka ɗauke ka, ban yi kuka a gaban mutane ba, aka ce na yi kunya. Sunanka ban taɓa faɗa ba. In ka zo Dungu ka tsaya bakin ƙofa ka gaishe ni, katanga nake amsa wa. Dambun nan da Maryama maƙwabciya take kawo maka tana cewa nata ne, nawa ne. Tun asuba nake tsinkar zogalensa. Shekara ashirin da shida, ban san fuskarka sosai ba, ƙeyarka na sani, don in ka juya za ka tafi nake ɗaga kai."

Jama'a, a nan wata lacca ta taso mini tun daga cibiya. Ina so in miƙe in ce wace irin al'ada ce wannan da za ta hana uwa kallon ɗanta, wa ya saukar da ita, a wane littafi take. Na shirya ta tsaf, da farkonta da ƙarshenta. Amma na ga kafaɗunta suna rawa, na kuma gane in na zagi kunyar nan, rayuwarta duka na zaga. Na danne hannuwana ƙarƙashin cinya.

"Na sa rai," ta ci gaba, "in ka yi aure na sami ƙofa. Matar ɗa ba a kunyarta kamar ɗa. In ja ta ɗaki in ce, yana ci kuwa? Tarin nan nasa na damina ya bar shi? In goya 'ya'yanka. Sai aka ce ka ɗauko mai yaren Nasara. Wannan ina za ta zauna da ni a tabarma? Shi ke nan, ƙofar ma an toshe."

Na ce, a hankali, "Kina son wadda za ki iya tambaya ko ya ci abinci."

Ta yi kuka sosai, marar sauti, irin na wanda ya daɗe da koyon ɓoye shi. Ban ce ta yi haƙuri ba. Na bar ta har ta gama, na ɗebo mata ruwa a randa. Ta sha, ta wanke fuska, ta ja numfashi mai tsawo, ta taɓa ƙirji kamar mai neman abin da ta ajiye ta rasa.

Sai ta juyo ta dubi kujerar da wani sabon mutunci.

"Ashe katakon nan naku yana da amfani. To tashi ki hau."

"Ni?"

"Ke. Ki zama yarinyar. Ita ba na kunyarta, ina da abin gaya mata."

Na saci kallon labule. Ko motsi. Na tashi na hau, na haɗa gwiwoyi, na sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Iya. An zo lafiya?"

"A'a, a'a. Ba haka take ba. Ɗaga murya. Riƙe ƙugu. An ce in tana magana har wuya take kaɗawa."

Na riƙe ƙugu.

"Ƙara dai. Ke ba ki iya ba. Yi kamar kin fi kowa sani."

Masu karatu, ban taɓa shan wulaƙanci irin na a koya mini yadda ake zama ni ba. Amma tun safe nake a ɗaure, ga shi an kwance ni da izini.

"To Iya, ki ji," na ce, da muryata ta gaske, wadda ake ji daga mahauta. "Baki ina da shi, ban ɓoye ba. Tuwona yana gudaji, amma ba a taɓa sa masa wuƙa ba. Yaren Nasara na iya, amma da Hausa nake faɗa. Kuma bakin nan da ake ba ki tsoro da shi, shi ne zai yi miki aiki. Ba sai kin ja ni ɗaki kin tambaya ba. Tun daga zaure za ki ji abin da ya ci, da abin da ya bari, da wanda ya ɓata masa rai a gidan waya, da sau nawa ya yi tari. Sai kin ce ya isa. Ita mai shiru-shirun da kike so, shekara za ki yi kina lallashi kafin ta ce miki lafiya lau yake."

Iya Shekara ta saki baki tana kallona. Sai ta fashe da dariya, har da buga cinya, har tari ya sarƙe ta.

"Kai, 'yar nan, kin iya kwaikwayo. Da haka take ai da na warke." Ta share ido da gefen mayafi. "Amma ke mai hankali ce, ba ki san irinsu ba. Bari dai in gani da idona. Yau a gidan Haruna zan kwana. Gobe da hantsi zan je gidan Alhaji Ummarun in ga yarinyar, kuma ke za ki raka ni. In ta fara zuba, ki taka mini ƙafa kada in biye mata."

Me kuke tsammani na ce? Na ce, "To, Iya."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, tafiyarta ma ta sake. Lokotoro Alasan ya yaye labule ya fito, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Ya karkata mini gwangwanin.

"Biyu. Kuma kin ji ta, ji na gaske. Wata huɗu nake jiran in ga haka."

Na fara murmushi.

"Ba zan sa hannu a takardar cin jarrabawarki ba," in ji shi.

"Lokotoro, uku ka ce."

"Na ce. Rahamatu, garin nan akwai wata 'yar lakwal da ta tare akawun kumandan ban da ke?" Ya mayar da tabarau. "Matar nan ta buɗe miki abin da ta rufe shekara ashirin da shida, ke kuma kin zauna gabanta da fuskar aro. Ni ma da laifina, da na gane ya kamata in tsayar, na ga ruwa ya fara fitowa na kasa. Amma aikin nan ba a yin sa a ɓoye. In ta ji daga bakin wani gobe, sauƙin da ta samu yau zai koma mata ciwo biyu, kuma ba za ta sake yi wa kowa magana ba, ko katako."

"To yaya zan yi?"

"Shawara kike nema a ɗakin nan?" Ya ɗan murmusa. "Ga sharaɗina. Ta ji ko ke wace ce daga bakinki, yau. In bayan ta ji ta yarda ta sake zama da ke, ko a nan ko a wani wuri, kin ci. In ta ƙi, ki kai wa Alhaji labari."

Na leƙa ta taga. Tana ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin likita, kusa da jakinta, ta shimfiɗa mayafi ta zauna. Ta buɗe faifan. Tana shan furar, ludayi bayan ludayi, kamar wadda ta dawo daga noma.

Daga ƙofar likita zuwa bishiyar nan taku ashirin ne. Ban taɓa yin tafiya mai nisansa ba. Da ta gan ni ta matsa gefe ta buga mini wuri da tafin hannu.

"Zo zauna, 'yata. Kin ga rabona da abinci ya yi mini daɗi tun kafin a cire gyaɗa." Ta cika ludayi ta kai baki, ta tsaya. "Af, ni ko tambaya ban yi ba. 'Yar gidan wa ce ke a garin nan?"

Na durƙusa a gabanta. Na leƙa ƙwaryar, saura kusan rabi.

Na ce, "Iya, shanye furar tukuna."